Abincin oganik ga kaji manya da ƙanana: buhu nawa zan saya?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku. Shekara biyu ke nan ina kiwon kaji a bayan gida saboda ƙwan da yara za su ci. Yanzu ina da kaji 7 masu yin ƙwai, zakara 1, 'yan matan kaji 4 'yan mako 10, sai 'yan tsaki 8 da wata kazata ta ƙyanƙyashe mako biyu da suka wuce. Duk akurki ɗaya suke kwana, fili ɗaya suke kiwo.

Kwanakin baya na koma sayen abincin oganik, wato wanda aka noma hatsinsa ba da takin zamani ko maganin feshi ba, domin hankalina bai kwanta da maganin ƙwarin da ake fesa wa hatsi ba, alhali ƙwan nan cikin 'ya'yana yake shiga. Da yake masu ƙwai sun fi yawa, sai na sayo leya, wato abincin kaji masu ƙwai, na riƙa zuba wa kowa. 'Yan matan nan tun suna mako 4 shi suke ci. Da su 6 ne. Makon jiya biyu suka mutu: sun rame, suna yawan shan ruwa, kashinsu fari tsululu. Maƙwabciyata ta ce leyar ce ta kashe su. 'Yata mai shekara 9, wadda ita ke zuba musu ruwa, kwana biyu tana kuka, ni kuma har yau zuciyata ba ta daina zargina ba.

Maigidana ya ce oganik suna ne kawai mai tsada, kuma ba zai sayi buhu uku daban-daban ba, in koma wanda muka saba. Yayata kuma ta ce in bar na buhu gaba ɗaya in riƙa haɗa hatsi da kaina, wai shi ne oganik na gaskiya. Maganar ta fara kawo ɓacin rai tsakanina da maigida. Ya zan yi?

Wata uwa mai kiwon kaji

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya mayar miki da alheri, Ya albarkaci waɗanda suka rage. Ki gaishe mini da 'yar nan tamu. Yarinyar da ta yi wa kaza kukan kwana biyu tana da tausayi, kuma zan dawo kanta kafin in rufe.

Bari in fara da abin da ke hana ki barci. Maƙwabciyarki ba ta faɗi abin da ba ya faruwa ba. Abincin leya an yi shi ne don kazar da ke fitar da ɓawon ƙwai kusan kullum, shi ya sa ake cika shi da sinadarin kalsiyam mai gina ɓawon ƙwai da ƙashi, kashi 3.5 zuwa 4.5 cikin 100. Abincin 'yan tsaki da na masu tasowa kuwa kusan kashi 1 ne kawai a cikinsa. Kazar da ba ta fara ƙwai ba ba ta da inda za ta kai wannan rara, sai ƙodarta ta ɗauki aikin fitar da shi, kuma in abin ya ɗauki makonni yana iya lalata ƙodar. Rama, yawan shan ruwa da farin kashi mai ruwa sun yi kama da haka. To amma akwai cututtukan kaji da ke zuwa da irin waɗannan alamu, kuma likitan dabbobi da ya buɗe gawa ya duba ƙoda da hanji shi ne mai yanke hukunci. In Allah Ya kiyaye wata ta sake faɗuwa, kada ki binne ta, ki kai masa a ranar. Abin da nake so ki riƙe shi ne, ko leyar ce ko ba ita ba, kin sayi buhun nan ne don kina son lafiyar 'ya'yanki, kuma ba kowane buhu ne ke gargaɗin mai saye da manyan baƙaƙe ba. Masu kiwo da yawa sun yi wannan kuskure kafin ke. Aikin da ke gabanki yau shi ne ki ɗauke leyar daga gaban 'yan matan huɗu da 'yan tsakin takwas, yau ɗin nan, ki cika musu ruwa mai tsabta.

Yanzu ga amsar tambayarki, kuma ina ganin za ta yi wa maigida daɗi: ba kya buƙatar buhu uku. Buhu ɗaya ya isa, da ƙaramin kwano a gefe.

Dalili kuwa shi ne, abin da ya raba sitata, girowa da leya abu biyu ne, furotin da kalsiyam. Sitata ta 'yan tsaki tana da furotin kashi 18 zuwa 20, daga ƙyanƙyashewa zuwa mako 6 ko 8. Girowa tana da kamar kashi 16, har zuwa mako 18. Leya ita ma furotin ɗinta wajen 16 zuwa 18 ne, sai dai kalsiyam mai yawa. Ki lura da kyau: babbar kaza in ta ci sitata marar magani babu abin da zai same ta, illa ma ta amfana da ƙarin furotin, musamman lokacin da take zubar da gashi, tunda gashin kaza kusan duk furotin ne. Abin da kawai za ta rasa shi ne kalsiyam, shi kuma ana iya ba ta daban. Amma ɗan tsako in ya ci leya babu yadda za ki cire masa kalsiyam ɗin da aka riga aka cuɗa a ciki. Saboda haka in garke ya haɗa manya da ƙanana, a kan mafi ƙanƙanta ake auna abinci, sannan a ƙara wa manya abin da suka rasa.

Ki nemi sitata ta oganik mai furotin 18 zuwa 20 da kalsiyam kusan 1, ɓarzajjiya yadda bakin ɗan tsako zai iya ɗauka. Wasu kamfanoni suna sayar da irin wannan da sunan abincin garke duka, wasu su haɗa sitata da girowa a buhu ɗaya. Kada sunan ya ruɗe ki, lambobin da ke jikin takardar buhu za ki karanta. Kowa ya ci wannan har 'yan tsaki su kai mako 8. Daga nan in kina so ki sauko zuwa girowa, wadda sau da yawa ta fi sauƙin kuɗi, kowa ya ci gaba da ita har mafi ƙanƙanta ya kai mako 18. Ko bayan nan ma, da ni ce ba zan yi gaggawar komawa leya ba, domin kina da zakara wanda ba ya ƙwai, kuma kaza mai kwanci ba ta shawara da kowa. Gobe wata za ta sake fito miki da 'yan tsaki.

Kwanon gefe shi ne ran masu ƙwai, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. Ɓawon ƙwai ɗaya yana ɗauke da kusan giram 2 na kalsiyam, kuma kaza mai ƙwai tana buƙatar wajen giram 4 a rana, tunda ba duk wanda ta ci jiki ke ɗauka ba. Ƙwai yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikin kaza, kusan awa 20 daga ciki a wajen yin ɓawo suke tafiya, mafi yawa da dare lokacin da ba ta cin komai. In babu kalsiyam a cikinta a wannan lokaci, daga ƙashinta take ciro shi. Shi ya sa ɓawon kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo mai tauri) da aka ɓarza, ko dutsen farar ƙasa irin wanda ake sayarwa musamman don kaji, ya fi gari amfani: manyan gutsattsari suna zama a ƙundu suna narkewa a hankali har cikin dare. Ki zuba a kwano daban, kada ki cuɗa da abinci, ki ɗaga shi kamar tsayin ƙirjin babbar kaza, kada kuma ki bari ya ƙare. Mai ƙwai za ta ɗiba gwargwadon buƙatarta. Zakara da 'yan mata za su ɗan taɓa su wuce, wannan ba komai. Ɓawon ƙwan gidanki ma yana taimakawa in kin busar da shi sosai, kin ɗan gasa, kin daka yadda ba zai yi kama da ƙwai ba, don kada su koyi fasa nasu. Sai dai shi kaɗai ba ya isa.

Kada ki ɗauka wannan zai maye gurbin tsakuwa. Kaza ba ta da haƙori, da 'yan tsakuwoyi take niƙa abinci a ƙundunta, kuma ɓawon kawa ba ya yin wannan aiki tunda narkewa yake. In suna tono a ƙasa suna samun tasu. 'Yan tsakin da ke cin ganye ko ƙwari kuwa ki ajiye musu mai laushi daidai bakinsu.

To, sai maganar oganik kanta, wadda ita ce ta haɗa ki da maigida. A nan kowannenku yana da gaskiya a hannu, kuma zan faɗa miki tasa kamar yadda zan faɗa masa taki.

Taki ita ce, oganik ba suna ba ne kawai in hatimin tantancewa da ke jikin buhu na gaskiya ne. A Amurka ma'aikatar noma, wato USDA, ke kula da shi, kuma ƙa'idojinta sun fara aiki a 2002. A Tarayyar Turai akwai doka mai lamba 2018/848 da ta fara aiki a farkon 2022. Abin da irin waɗannan dokoki suka tanada shi ne hatsin ya fito daga gonar da ba a sa mata takin zamani ko yawancin magungunan feshi na masana'anta ba, ba irin da aka sauya wa ƙwayar halitta ba ne, kuma ba a cuɗa maganin kashe ƙwayoyin cuta a abincin ba. A ƙa'idar Amurka sai gona ta shekara 3 ba a sa mata abin da aka hana ba kafin amfaninta ya cancanci wannan suna. Ana kuma turo masu bincike su duba. Uwar da ta ce tana son rage ragowar maganin ƙwari a abin da 'ya'yanta ke ci ba ta yi wauta ba.

Tasa kuwa ita ce, hatimin oganik yana gaya miki yadda aka noma hatsin ne, ba ya gaya miki ko abincin ya dace da shekarun kazarki. Buhun da kike zargi da kashe miki 'yan mata biyu ai oganik ne. Kuma kasuwa cike take da buhunan da aka zana wa koren ganye aka rubuta cewa na asali ne ko babu sinadari, alhali babu wata hukuma da ta tantance su. Na gaskiya yana ɗauke da sunan hukumar da ta tantance shi ko lambarta. In babu, tsadar banza kika biya, kuma maigida ya yi gaskiya a kan wannan buhun. Haka nan jan gwaiduwa ba shaidar oganik ba ce, daga koren ganye da jar masara launin ke fitowa.

Akwai abu biyu da mai zaɓen oganik ya kamata ya sani, waɗanda masu talla ba sa faɗa. Na farko sinadarin metiyonin, wani ɓangare na furotin da kaza ke buƙata don gashi da girma da girman ƙwai. Masara da wake ba su da shi isasshe, shi ya sa a abincin kaji na yau da kullum ake ƙara na masana'anta. Dokar Amurka ta yarda a sa kaɗan a abincin oganik, ta Turai kuwa ta hana, sai masu haɗawa su nemo shi daga abubuwa irin su garin kifi da tunkuzar ƙwayoyin da ake matse mai daga cikinsu. Ki duba ko an rubuta shi a takardar buhu. In kika ga kaji sun fara fizgar gashin juna suna ci, ko ƙwai ya ƙanƙance, yana daga cikin abin da za ki fara tuhuma.

Na biyu ya fi damuna saboda 'yan tsakinki takwas. Sitata ta yau da kullum sau da yawa tana ɗauke da maganin koksidiyosis, cutar hanjin nan mai sa kashin jini, wadda ta fi kama 'yan tsaki tsakanin mako 3 zuwa 6. Ta oganik ba ta da shi. Naki suna mako biyu, suna kuma taka kashin manya, wato yanzu suke shiga lokacin hatsari. Garkuwarsu a hannunki take: shimfiɗar akurki ta zama busasshiya, ki kwashe duk inda ya jiƙe, ki ɗora mazubin ruwa a kan wani abu don kada kashi ya faɗa ciki, ki wanke shi kullum. In kika ga ɗan tsako ya takure, gashi ya tashi, fukafukai sun sauka, ko jini a kashi, ki nemi likitan dabbobi a ranar, ki ba da maganin da ya rubuta. Kada son oganik ya sa ki jinkirta. Dokar oganik ta Amurka da kanta ta hana a ƙi yi wa dabba magani don kawai a riƙe mata wannan suna.

Yayarki kuma tana son ki da alheri, amma shawararta ita ce mafi hatsari ga 'yan tsaki. Masara furotin ɗinta kashi 8 zuwa 9 ne, kalsiyam kuwa kusan babu. Ɗan tsakon da ke buƙatar kashi 18 ba zai girma a kanta ba. Waken suya yana da furotin, amma ɗanyensa yana hana narkewar abinci sai an gasa shi. Ga gishiri, ga bitamin, ga sinadarai da ake aunawa da giram. Masu haɗa nasu abincin da suka yi nasara suna da sikeli da garin bitamin na musamman da lissafin wanda ya san aikin. Kuma hatsin da ba ki san gonarsa ba bai zama oganik don kin haɗa shi da hannunki ba. Ki gode mata, ki karɓi rabin maganarta: hatsi da ganye da ragowar kayan lambu suna da kyau a matsayin ƙari da yamma, muddin ba su wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da kaji ke ci a rana ba.

Wani abu da oganik ba ya karewa shi ne fumfuna. A 1960 'yan talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu aka gano tunkuzar gyaɗa ce da ta yi fumfuna, kuma daga nan duniya ta san gubar afulatoksin. Ki duba ranar da aka haɗa abincin, ki sayi wanda za ki ƙarar cikin wata ɗaya zuwa biyu, domin bitamin yana raguwa da daɗewa. Ki ajiye a mazubi mai murfi, sama da ƙasa, inda babu laima. Wanda ya dunƙule ko yake warin ruma ki zubar, komai tsadarsa. In kuma irin wanda ake ganin hatsin a ciki kika samu, za ki ga manya suna tsince ƙwayoyin su bar gari a ƙasa, alhali a garin nan bitamin yake. Ki ɗan yayyafa ruwa ki cuɗa, ki zuba abin da za su cinye a take.

Game da maigida, kada ki je masa da gardamar wa ya fi gaskiya. Ki je masa da lissafi, tunda kuɗi ne damuwarsa, kuma damuwa ce ta halal ga mai ɗaukar nauyin gida. Babbar kaza tana cin giram 100 zuwa 120 a rana. Garkenki gaba ɗaya yanzu bai wuce kilo ɗaya da ɗan kai ba a rana, wato buhu mai kilo 25 zai kai ku kusan mako uku, kodayake zai ragu yayin da ƙanana ke girma. Ki rubuta kuɗin buhun oganik da na wanda kuka saba, ki fitar da bambancin a wata, ki ajiye a gabansa tare da yawan ƙwan da kuke samu. Ki fara da gaya masa cewa buhu ukun da yake tsoro sun zama ɗaya. Sannan ki nuna masa inda za a rage asara: mazubi mai baki da ba a cika shi fal, a rataye daidai bayan kaza, a ɗauke da dare saboda ɓeraye. Abincin da ke zubewa a ƙasa yakan cinye kuɗi fiye da yadda ake zato. Zakarun da za su fito cikin 'yan tsaki takwas ma ku yanke shawara a kansu tun wuri, domin ciyar da baki da yawa shi ne tsadar gaske.

In bayan lissafi ya ce aljihu ba zai ɗauka ba, kada ki mai da shi rigima. Kuna iya sayen sitata ta yau da kullum daga kamfani mai kyau har ƙanana su girma, sannan ku sake duba maganar oganik. Sai dai in mai magani ce, ki ware ta ga 'yan tsaki kaɗai, ko ki tambayi likitan dabbobi kafin masu ƙwai su ci, domin ba kowane magani ne ya dace da kazar da ake cin ƙwanta ba. Ware ta ba wuya: keji ko kwando mai ƙofa ƙarama wadda ɗan tsako zai shiga amma babbar kaza ba za ta iya ba. Wannan ɗakin ma ina so ki yi shi ko da abinci ɗaya kowa ke ci, saboda manya suna korar ƙanana daga mazubi. Ki ƙara mazubi na biyu nesa da na farko don 'yan matan huɗu. Kuna kuma iya rage yawan kajin ku riƙe oganik. Duk wanda kuka zaɓa, 'ya'yanki za su ci ƙwai mai kyau daga kaji masu lafiya.

Su manyan kada ki sauya musu abinci dare ɗaya. Ki ba su sauran leyar su kaɗai kina cuɗawa da sabon, kina ƙara sabon a hankali cikin mako guda, ƙanana kuma suna ɗakinsu. Ki sa kwanon ɓawon kawa tun ranar farko, ki riƙa duba ƙwai: in ɓawo ya yi laushi ko yana fashewa da wuri, ba sa ɗiba isasshe, sai ki matsar da kwanon kusa da inda suke ci.

'Yarki kuwa ki gaya mata gaskiya daidai hankalinta, cewa abincin manya ya yi wa ƙanana ƙarfi, kuma ba laifin ruwan da take zubawa ba ne, domin yara sukan ɗora wa kansu abin da ba su faɗa. Ki damƙa mata kwanon ɓawon kawa da ɗakin 'yan tsaki su zama aikinta. 'Yan matan huɗu, in Allah Ya raya su, za su fara ƙwai nan da mako 8 zuwa 12. Ki bari ita ta ɗauko na farko, ki kuma rubuto mini in ji yadda ɓawonsa yake.